Injin da Ya Ƙi Tashi: Nazarin Aikin Farko na Wani Ɗan Koyon Sassaƙa Ƙarfe

Injin yana da kyau a ido. Tagullar ta sha gogewa, filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da injin ke juyawa, na ƙyalli, kowane sashe ya zauna inda zane ya ce ya zauna. Amma da aka haɗa masa iska daga kwamfuresa a matsin bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), huci kawai yake yi, in an murza filawil da yatsa ya yi rabin juyi ya tsaya. Aka ƙara matsi zuwa bar 3, hucin ya ƙaru, juyin yana nan yadda yake. Aikin farko ne na wani ɗan koyo da ya sayi ƙaramar na'urar sassaƙa ƙarfe don sha'awa, kuma da aka kwance shi an sami kurakurai huɗu, kowanne na ɓoye ɗan'uwansa.

Irin injin da girmansa

Inji ne mai silinda guda, irin wanda silindar da kanta ke lilo a kan ƙusa. Ba shi da bawul daban. Bayan silinda shimfiɗaɗɗe ne, da ƙaramin huji ɗaya, yana manne da fuskar ginshiƙin da ke ɗauke da ita, shi kuma ginshiƙin yana da huji biyu, na shigar iska da na fitarta. Yayin da karanshaf ke juyawa, sandar fistin na jan silinda dama da hagu, sai hujinta ya haɗu da na shiga lokacin da fistin zai sauka, ya haɗu da na fita lokacin da zai hau. Dabarar tsohuwa ce. William Murdoch ya ƙera samfurinta a 1785, daga baya kamfanin John Penn na Greenwich a Ingila ya yi suna da manyan irinta a jiragen ruwa masu tururi, kuma ita ce a yawancin injunan wasa na kamfanin Mamod na Ingila. Ana ba sabon shiga shawarar ya fara da ita don sassanta kaɗan ne, duka daga sanduna da guntayen ƙarfe ake sassaƙo su, ba sai an yi zubi ba.

Duk awon da ke tafe a milimita yake. Faɗin ramin silinda 10, tafiyar fistin 12, wato ƙusar karanshaf ta kauce daga tsakiya da 6. Silindar guntun tagulla ce mai 16 da 20 da tsawon 30, an karkatar da ramin gefe guda don bangon da ke wajen ginshiƙi ya yi kaurin 7, inda ƙusar lilo mai kaurin 4 za ta sami wurin kamawa. Ginshiƙin alminiyam ne, kauri 10, faɗi 25. Daga tsakiyar ƙusar lilo zuwa tsakiyar karanshaf 40, hujin iska kuma yana sama da ƙusar lilo da 12. Fistin tsawonsa 12, daga kansa zuwa tsakiyar idon sandarsa 45. Filawil baƙin ƙarfe ne, faɗi 50, kauri 12, nauyinsa kusan giram 185.

Kafin a taɓa komai, ga lissafin da ya kamata mai wannan aiki ya riƙe a kai. Fuskar fistin mai faɗin 10 murabba'in milimita 78.5 ce. A matsin bar 1, ƙarfin da ke tura ta bai wuce niyuton 7.85 ba, ƙasa da nauyin lita ɗaya ta ruwa, kuma a rabin juyi kaɗai yake aiki, sauran rabin filawil ne ke ɗaukar nauyin. Babban inji yana da rarar ƙarfin da zai danne ɗan cijewa da ɗan yoyo. Wannan ba shi da ita. Cijewar da yatsa ke ji da ƙyar ta isa ta tsayar da shi.

Kayan aikin da yake da su

Na'urar sassaƙarsa irin ƙananan nan ce masu ɗaukar faɗin 180 da tsawon 350, waɗanda kamfanin Sieg na Shanghai da makamantansa ke ƙerawa ana sayarwa da sunaye iri-iri. Ta zo da mariƙi, wato abin da ke kama aiki yana juya shi, mai haƙora uku. Yana da diril na kan tebur, baniya mai lambobi ta auna kauri, magagari, zarton ƙarfe, taf na yanka tiredi a rami masu girman M3 da M4, da rima ta gyara rami mai faɗin 10. Ba shi da maikuromita, abin awon da ya fi baniya daidaito, ba shi da mariƙi mai haƙora huɗu, ba shi da agogon awo mai nuna rawar aiki. Sababbin shiga kan ɗauki waɗannan ukun a matsayin kayan ƙawa da za a saya daga baya, alhali uku daga cikin kurakurai huɗun nan rashinsu ne ya haifar da su. Baniya na nuna 0.01 a fuskarta, amma gaskiyar awonta ba ta fi 0.02 zuwa 0.03 ba, tazarar da fistin ke bukata kuwa ba ta kai haka ba.

Akwai abin da ya yi daidai, kuma ba ƙarami ba ne. Ya wasa wuƙar yankan tagulla da kai shimfiɗaɗɗe, ba gangare, shi ya sa ba ta nutse cikin aikin ba. Ya ɗan dakusar da kaifin bakin diril da dutsen washi kafin ya huda tagulla, don sabon baki mai kaifi yakan fizge ya shige da kansa. Gudun na'ura ma ya lissafa shi: a ninka gudun yanka da 318, a raba da faɗin aikin. Baƙin ƙarfe mai taushi na son kamar mita 25 a minti da wuƙar HSS, wato ƙarfen yanka mai jure gudu, saboda haka sanda mai faɗin 10 na son juyi 800 a minti, filawil mai faɗin 50 kuma 160 kacal. Tagulla na ɗaukar mita 60 ko fiye. Fuskar sassansa ta fito sumul. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yadda aka bi diddigi

Kuskuren bincike da aka fi yi shi ne ƙara matsin iska da ɗaure sifirin da ke kan ƙusar lilo, wanda ke danna silinda a jikin ginshiƙi. Shi ma ya yi duka biyun. Hanyar da ta dace ita ce a cire iska gaba ɗaya, a raba matsalar cijewa da matsalar yoyo, a bi kowacce ita kaɗai.

Aka cire silinda da fistin, aka bar karanshaf da filawil. Murzawa ɗaya, ya yi juyi da yawa kafin ya tsaya, to bushin da karanshaf ke juyawa a ciki lafiya lau. Aka mayar da silinda a kan ƙusarta ba fistin, sifirin a sassauce: tana lilo amma tana ɗan kamawa a gefe guda. Aka sa fistin aka haɗa da ƙusar karanshaf: ga wuri ɗaya a kowane juyi inda komai ke cijewa, kuma in an duba ta gefe da haske a baya, ana ganin silinda na ɗan ɗagawa daga ginshiƙi daidai wannan wurin. Daga nan aka ba shi iska kaɗan, rabin bar, aka shafa ruwan sabulu. Kumfa ta tashi a bakin silinda ta ƙasa, ta tashi a gefen fuskar ginshiƙi. Abin da ya fi muni, da aka tsayar da fistin a ƙarshen tafiyarsa ta sama, inda ya kamata duka hujin biyu su rufe, iska na fita ta hujin fita da ƙarfinta.

Hujin iska

Wannan ne babban laifin, kuma shi kaɗai ya isa ya hana injin tashi ko da sauran komai daidai ne.

Wurin da hujin biyu za su zauna ba zaɓi ba ne, lissafi ne. Silinda na kai ƙarshen lilonta lokacin da sandar fistin ta yi kusurwar sikwaya da hannun karanshaf. A raba 6 da 40, a sami 0.15, kusan digiri 8.6 ke nan kowane gefe. A ninka 0.15 da nisan huji daga ƙusar lilo, wato 12, a sami 1.8. To hujin shiga yana 1.8 daga layin tsakiya a gefe ɗaya, na fita 1.8 a ɗaya gefen, tsakaninsu 3.6. Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce, ƙarfen da ya rage tsakanin hujin biyu dole ya fi faɗin hujin silinda, don in silinda ta tsaya a tsakiya hujinta ya zauna a kan ƙarfe, a rufe. Da huji mai faɗin 1.5, abin da ya rage 2.1 ne, rarar 0.3 kowane gefe. Wannan rarar ce ke sa iska ba ta fara shiga sai karanshaf ya wuce ƙarshen sama da kusan digiri 8.

Shi kuwa da rula da maɗigi ya sa alamar. Bakin diril mai 1.5 siriri ne, yana lanƙwasawa ya bi duk inda alama ta ja shi, sai hujin suka fito da tazarar 3.0 maimakon 3.6. A haka ƙarfen tsakiya 1.5 ne, daidai da hujin silinda, ba rara ko kaɗan, amma da sauran bege. Da injin ya ƙi tashi saboda sauran matsalolin, sai ya zaci iska ce ba ta isa ba, ya faɗaɗa duka ukun zuwa 2. Garin neman gira aka rasa ido: ƙarfen tsakiya ya koma 1.0, hujin silinda 2.0, ya zama gada tsakanin shiga da fita. Iska na shigowa ta wuce waje ba tare da ta ga fistin ba. Inji mai cin ƙasa da santimita kubik ɗaya a kowane juyi ba ya ƙarancin iska da huji mai 1.5, ko kusa.

Gyaran shi ne sabon ginshiƙi, a huda shi da ma'auni. Ma'aunin ɗan sillen baƙin ƙarfe ne mai kaurin 3, da huji uku a kan layi ɗaya: na ƙusar lilo mai faɗin 4, na iska mai 1.5 a nisan 12 sama da shi, da na ƙusar karanshaf mai faɗin 3 a nisan 39.55 ƙasa da shi. Wannan 39.55 ɗin shi ne nisan ƙusoshin biyu a ƙarshen lilo, ana samunsa in an cire 36 daga 1600 aka ɗauki tushen 1564. Amfaninsa, sillen ba zai shiga kan ƙusoshin biyu lokaci guda ba sai a wuri biyu tak, dama da hagu, kuma nan ne daidai inda hujin za su zauna. A ɗora, a matse, a huda, a juya karanshaf zuwa ɗaya gefen, a sake hudawa. Da sillen nan dai za a huda na silinda, an daidaita shi da layin tsakiyar ramin. Ko da an yi ɗan kuskure a nisan 12 ɗin, kuskuren zai zama ɗaya a ɓangarorin biyu, hujin za su haɗu.

Sai a kula da hanyar da ke kawo iska. Hujin fita ana zarcewa da shi har bayan ginshiƙi. Na shiga ana tsayar da shi a zurfin 6, a huda masa hanya mai faɗin 2 daga gefen ginshiƙi. Daga gefe zuwa tsakiyarsa 10.7 ne, bakin hujin fita kuma yana 13.55. In diril ya wuce zurfin 11.5 an fara cin bangon da ke raba su, in ya fasa an sake yin gadar nan a ɓoye, inda ido ba ya gani. A sa wa bakin diril alama ko abin tsayarwa.

Hujin silinda mai faɗin 2 an toshe shi da guntun wayar tagulla da dalma, aka sake hudawa bayan an gyara fuskar.

Fuskar silinda da ƙusar lilo

Ba gasket ba roba tsakanin silinda da ginshiƙi. Ƙarfe ne kan ƙarfe da ɗan mai, saboda haka dole fuskokin biyu su zama shimfiɗaɗɗu, ƙusar lilo kuma ta tsaya cak a kan fuskar. Da aka shafa wa fuskar silinda baƙar maka aka goga ta a ginshiƙi, tawadar ta goge a wuri biyu kawai: zobe kewaye da ƙusar, da kusurwa ɗaya ta ƙasa. Wajen hujin iska ko taɓawa bai yi ba.

Zoben yana nuna ƙarfen da taf ya ɗago. Duk lokacin da aka yanka tiredi a tagulla, bakin ramin kan ɗan kumbura, in aka ɗaure ƙusa ya ƙara kumbura, silinda ta hau kai ta zauna. Kusurwar kuma tana nuna ƙusar ta karkace, don da hannu ya shigar da taf, aikin na matse cikin bais a kan tebur. Karkatar ta kai kamar digiri 1. A ido ba komai ba ne, amma a nisan 12 ta buɗe tazarar 0.2, ninki goma na abin da aka yarda fistin ya samu.

A nan ne ɗaure sifirin ya ƙara ɓata lamarin. Ƙarfin da iska ke ture silinda da shi daga ginshiƙi kaɗan ne ƙwarai: huji mai 1.5 a bar 1 bai kai niyuton 0.2 ba. In fuskokin sun haɗu da kyau, sifirin mai laushi irin na cikin biro ya wadatar. Wanda ya ga sai ya ɗaure noti tamau kafin yoyo ya ragu, to ƙusa yake lanƙwasawa, kuma duk ƙarfin da ya ƙara yana zama birki a kan lilon silinda.

An gyara shi a ɗauri ɗaya. Aka kama silinda a mariƙi mai haƙora huɗu, fuskar na kallon waje, aka daidaita ramin ƙusa a tsakiya da agogon awo. Aka share fuskar da yanka mara zurfi. Ba a kwance ba, aka miƙar da tsohon ramin da ƙaramar wuƙar ciki zuwa 4.2, don diril zai bi karkatar da ya tarar ne kawai. Aka shigar da taf na M5 yana riƙe a wutsiyar na'ura, wato ɓangaren da ke fuskantar mariƙi, ana juya mariƙi da hannu, wuta a kashe. Sannan aka rarake kewayen ramin, faɗi 10, zurfi 0.3, yadda ko ƙarfe ya kumbura ba zai taɓa ginshiƙi ba. Duk abin da aka yanka a ɗauri ɗaya dole ya yi sikwaya da juna, ko na'urar ba ta da tsada. Sabuwar ƙusar daga sanda mai 5 aka sassaƙo ta, kanta M5, jikinta 4.

Daga nan sai gogewa. A shimfiɗa samfefa ta ruwa mai lamba 400 a kan gilashi mai kauri, a ɗiga mai kaɗan, a goga fuskar ana zana lamba takwas, ana juya aikin a hannu lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya fi ci. A koma 600, a ƙare da 1200. Haka ma fuskar ginshiƙi. Yatsa ɗaya a tsakiya ya isa dannawa. Wanda ya kama aikin ta gefuna yana turawa gaba da baya zai fito da fuska mai doro, wadda ta fi ta farko muni. Alamar an gama ita ce, in an ɗiga mai aka haɗa su, silinda na manne da ginshiƙi ba ta faɗuwa.

Ramin silinda da fistin

Ya fara sassaƙa fistin ne, ya auna da baniya ya ga 9.95, ya ce ya yi, sannan ya huda silinda. Tsarin a juye yake. Rami ake fara gamawa, a sassaƙa fistin ya dace da shi, don rage waje da auna shi sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tunda ba abin auna cikin rami, aka sassaƙa sanda mai matakai, kowane mataki ya fi na gabansa da 0.02, ana tabbatarwa da maikuromita. Matakin 10.06 ya shiga bakin ramin, amma can ciki 10.02 ma bai wuce ba. Ramin ya buɗe baki. Sanadin shi ne wutsiyar na'ura ta kauce daga tsakiya da kusan 0.1, rima ta shiga a karkace tana cin baki kafin ta miƙe, ga shi ya bar mata nama da yawa, ya huda 9.5 maimakon 9.8, kuma bai rage gudu ba. Rima na son rabin gudun diril ko ƙasa, ana tura ta a hankali ba tsayawa, ba a kuma juya ta baya. Rima mai kyau ta ajin daidaito H7 a wannan girman na ba da rami tsakanin 10.000 da 10.015. Nasa fistin yana da tazarar fiye da 0.1 a baki, inda ake son 0.01 zuwa 0.02.

A irin wannan inji tazarar fistin na da illa ta biyu bayan yoyo. Fistin ne ke jan silinda ta yi lilo, in yana rawa a ciki sai ya ɗan karkace kafin silinda ta motsa, lilon ya ragu, hujin ba za su buɗe sosai ba.

Aka gasa murfin silinda gam ɗinsa ya saki, ramin ya buɗe ta bakinsa biyu. Aka buɗe shi da wuƙar ciki zuwa 10.18, yankan ƙarshe aka maimaita shi sau biyu ba tare da an taɓa ma'aunin tura wuƙa ba, saboda siririyar wuƙa na lanƙwasawa ta bar saura. Aka goge cikin da sandar katako da aka tsaga bakinta, da man goge ƙarfe, a juyi 250, ana kai silinda gaba da baya a hannu, har ya kai 10.20 daga baki zuwa baki. Aka wanke shi sosai, don ƙwayar gogewa ɗaya da ta maƙale a tagulla za ta yi ta zane fistin.

Sabon fistin daga baƙin ƙarfe mai sauƙin yanka na EN1A aka yi shi, don ƙarfe iri biyu sun fi zama lafiya da juna fiye da tagulla kan tagulla. Matsalar ƙananan na'urori ita ce ma'aunin tura wuƙa na tafiya da 0.02 ko 0.025, kuma duk abin da aka tura, ninkinsa ke fita daga faɗin aiki. Dabarar ita ce a karkatar da ƙaramin teburin wuƙa digiri 5.7 daga layin aikin: tura shi 0.1 na matsar da wuƙa ciki da 0.01 kawai. A jira aikin ya huce kafin a auna, don ƙarin zafin digiri 30 na ƙara wa ƙarfe mai faɗin 10 kusan 0.004. An tsaya a 10.185, aka yanka masa siraran layuka biyu masu zurfin 0.3 don riƙe mai. Gwajinsa ba ya bukatar ma'auni. A bushe, ba mai, fistin ya zame da nauyinsa in huji a buɗe yake, in an toshe da yatsa ya tsaya ko ya riƙa sauka a hankali.

Cijewar da ke zuwa sau ɗaya a juyi

Wannan mai sauƙin ganowa ce. Aka zura miƙaƙƙun sanduna masu tsawon 100 a ramin ƙusar lilo da na bushin karanshaf na tsohon ginshiƙi, aka auna tsakaninsu: 40.0 a gindi, 40.6 a ƙarshe. Ramukan ba su tafi a jere ba, wataƙila ɓarɓashi ya shiga ƙarƙashin aikin tsakanin huda na farko da na biyu. Ƙusar karanshaf na murɗa idon sandar fistin, sandar na ɗaga silinda.

A sabon ginshiƙi an kwantar da fuskar iska a kan farantin na'urar sassaƙa da aka goge tas, aka huda ɗaya, aka zame aikin a kan farantin ba a ɗaga shi ba, aka huda na biyu. Idon sandar kuma aka buɗe shi zuwa 3.1 a kan ƙusa mai 3. Ɗan koyo kan so ko'ina ya matse, amma a nan sassauci ba ya cutarwa, yana ma shanye ɗan kuskuren da ya rage.

Bayan an haɗa

Aka ɗiga mai mara kauri a silinda, fuska, bushin da ƙusar karanshaf, aka ɗaure noti iyakar inda kumfar sabulu ta daina tashi. Daga ƙarshe a bar 1 ya tashi da murzawa ɗaya. Da farko bai juya ba, sai da aka gane ana murza shi ta gefen da ba nasa ba: irin wannan inji hanya ɗaya yake bi, in ana so ya juya ɗaya gefen sai a musanya shiga da fita. Bayan kamar sa'a guda yana aiki ana ƙara mai, man da ke fita ya daina baƙi, aka riƙa rage matsi har ya ci gaba da tafiya a bar 0.3. Mafi ƙarancin matsin da inji ke tafiya da shi ne ma'aunin ingancinsa, gudu a bar 3 ba ya nuna komai.

Maganar tururi daban take. Tururi a bar 1 zafinsa digiri 120 ne, a bar 2 kuma 134, dalmar da aka toshe huji da ita na narkewa wajen 183, za ta jure. Amma yana bukatar man tururi mai kauri, don mara kauri wankewa yake yi, kuma sai silinda ta ɗumama ta fitar da ruwan da ya taru kafin ta tafi daidai. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe buɗewa da zafi, tazarar fistin za ta ƙaru da kusan 0.007, kuma in ba a busar da shi an sa mai bayan aiki ba fistin zai yi tsatsa. Ita tukunyar tururin ba aikin farko ba ce. Da jan ƙarfe ake yinta, ba tagulla ba, don ruwan zafi na zuƙe tutiyar da ke cikin tagulla ya bar ta da rauni. Ana haɗa ta da dalmar azurfa, a sa mata bawul na tsaro, a gwada ta da ruwan sanyi a ninkin matsin da za ta yi aiki da shi kafin wuta ta taɓa ta.

Aibi ɗaya aka bari ba a gyara ba. Gefen filawil na rawa da 0.15, saboda ya sassaƙa fuska ɗaya, ya juya shi a mariƙi mai haƙora uku ya huda ramin ta ɗaya fuskar, irin wannan mariƙi kuwa kan kauce da 0.05 zuwa 0.1 duk lokacin da aka kwance aka sake ɗaurewa. Ba ya hana injin tafiya. Mai son kawar da ita sai ya sassaƙa gajeriyar sanda a mariƙi daidai da ramin filawil, kada ya kwance ta, ya ɗora filawil a kai ya matse da noti, ya share gefe da fuskokin da yanka mara zurfi a juyi 160.